Tambayar Oga ta Farko: Yadda Shugaba Ke Sa a Kiyaye Ƙa'idar Kare Kai a Bakin Aiki

A watan Oktoba na 1987, masu hannun jari da dillalansu suka cika zauren wani otal a birnin New York domin su ji ta bakin sabon shugaban Alcoa, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin alminiyam na duniya. Lissafin riba suka zo ji. Paul O'Neill ya miƙe ya ce shi maganar lafiyar ma'aikata ya zo da ita, kuma burinsa a wayi gari babu ko mutum ɗaya da ke jin rauni a bakin aiki a kamfanin. Har ƙofofin gudu na zauren sai da ya nuna musu, ko da gobara za ta tashi. Wuri ya yi tsit. An ruwaito cewa wani dillali ya fice da sauri, ya buga wa mutanensa waya ya ce su sayar da hannun jarinsu tun da sauran dama.

Wanda ya bi shawarar dillalin nan ya tafka asara. Lokacin da O'Neill ya karɓi ragama, cikin kowane ma'aikaci 100 ana samun 1.86 a shekara da ke jin raunin da zai hana su fitowa aiki, adadin da ko a lokacin ya fi na yawancin masana'antun Amurka kyau. Zuwa 2000 da ya sauka, ya koma 0.2. Darajar kamfanin a kasuwa kuwa ta tashi daga dala biliyan 3 zuwa sama da biliyan 27. Ba wanda zai ce hular kwano ce kaɗai ta kawo wannan kuɗi. Amma ita ma ba ta hana shi zuwa ba, kuma wannan ne abin da masu kamfani da yawa ba su yarda da shi ba har yau.

Ƙa'ida a rubuce ba ta yi ƙaranci ba. Nijeriya na da Dokar Masana'antu ta 1987. Ma'aunin ISO 45001 da ya fito a 2018 ya ware babi sukutum kan shugabanci da sa hannun ma'aikata. Kowace masana'anta da ta amsa sunanta ta kafa allon gargaɗi a bakin get. Duk da haka Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.93 ne ke mutuwa a shekara sanadin aikinsu, yawanci ta hanyar cututtuka, wasu miliyan 395 kuma suna jin rauni. Ma'aikaci mutum ne mai lissafi. Yana da bakunan da yake ciyarwa, kuma ya san akwai mutum goma a waje da ke jiran gurbinsa. Abin da yake aunawa guda ne: ranar da ƙa'ida da gaggawa suka yi karo, wacce oga zai ɗauka? A kan amsar da ya gani da idonsa yake tsara halinsa. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

Taron safe

Wuri mafi arha da shugaba zai fara shi ne taron safe. Manajan da kullum bakinsa ke buɗewa da "Buhu nawa aka fitar jiya?" ya riga ya sanar da kowa abin da ke ransa, ko da zai rufe taron da "a dai riƙa kula." Masu kula da sassa tambayar farko suke riƙewa, ita kuma suke sauke wa na ƙasa da su. Sai a juya tsarin. A fara da ko akwai wanda ya ji ciwo, a bi da ko akwai abin da ya yi saura ƙiris, sannan a tambayi inda aka kwana kan gyaran da aka yi alkawari makon jiya. Bayan nan a shiga lissafin buhu. Makon farko kallon-kallo za a yi ta yi. In aka jure wata biyu, mutane za su fara zuwa da amsa a aljihu, kuma wanda zai zo da amsa dole ya zagaya ya duba tukuna.

O'Neill ya ɗaure wannan da doka ɗaya tak. Duk lokacin da wani ya ji rauni a kowace masana'antar Alcoa, a kowace ƙasa, shugaban sashen zai kawo masa rahoto cikin awa 24, tare da shirin hana maimaituwa. Dabarar tana cikin awa 24 ɗin nan. Shugaban sashe ba zai iya cika ta ba sai in mataimakinsa na jin labari nan take, shi kuma sai in manajan masana'anta na gaya masa, manaja sai in foman na magana, foman kuma sai in lebura bai ji tsoron buɗe baki ba. Doka ɗaya ta share hanyar magana daga ƙasa har sama. O'Neill ya ƙara da ba ma'aikata lambar wayar gidansa, ya ce in manajansu ya yi kunnen uwar shegu da ƙorafin lafiya, su kira shi.

Mai masana'antar roba a Sharaɗa ko mai kamfanin shinkafa a Bompai ba ya buƙatar wata na'ura don ya yi irin wannan. Littafi mai bango mai ƙwari ya isa, ko zauren WhatsApp na masu kula da sassa. A rubuta me ya faru, me ya jawo shi, me za a gyara, wa zai gyara, zuwa wace rana. Layin ƙarshen nan shi ne ran littafin. Rahoton da ba suna ba rana a kansa tarihi ne kawai.

Hular oga

Kowa ya san wannan hoto. Maigida ya zo zagaye da baƙi, yana cikin babbar riga mai aiki da hula zanna, takalmi buɗaɗɗe, ya ratsa ta gefen injin da bel ɗinsa ke juyawa. A bango an rubuta cewa ba a shiga sai da hular kwano da takalmin aiki. Maigadi ya rusuna ya ce "Ranka ya daɗe," ya buɗe ƙofa. Cikin minti biyar an rushe horon wata shida, domin kowane yaro a wurin ya fahimci cewa kayan kariya alamar ƙaramin ma'aikaci ce, abin da mutum ke ajiyewa in ya zama wani. Alhali bel ba ya tambayar muƙami, kuma babbar riga ta fi kakin lebura saurin shiga cikinsa.

Maganin yana da sauƙin faɗi. A ajiye huluna da rigunan baƙi a bakin ƙofa. Maigida ya kira maigadi gaban jama'a ya ce masa: "Malam, daga yau ko ni ne na zo ba hula, kada ka buɗe." Sannan ranar da ya manta, maigadi ya tare shi, ya koma ya ɗauko ba tare da ya haɗe rai ba. Labarin zai zagaye masana'anta kafin azahar.

Bahaushe bai rasa sanin wannan ba. A maƙera ba a taɓa rubuta wa yaro yadda ake riƙe awartaki ba. Yana zuga yana kallon hannun maigidansa, abin da ya gani shi zai yi har ya tsufa. Sarautun sana'a irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Fawa an gina su ne kan cewa akwai wanda ake kallo, kuma akwai wanda ake tuhuma in aiki ya ɓaci.

Zagayen da ya tsallake giwa

Fita daga ofis wajibi ne, amma zagaye ma suna suka tara. Da yammacin 20 ga Afrilu 2010, manyan jami'ai huɗu, biyu daga kamfanin BP biyu daga kamfanin Transocean, suka sauka a dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a Tekun Meziko. Cikin abin da ya kawo su har da yaba wa ma'aikatan kan shekara bakwai da suka yi ba tare da raunin da ya kwantar da kowa ba. Mutane ne masu kishin lafiya, kuma sun duba abubuwa: wurin da santsi zai iya kwashe mutum, igiyoyin ɗaure jiki na masu hawa sama, maganar kare hannu. Sun kuma leƙa ɗakin masu haƙa a daidai lokacin da ake ta muhawara kan sakamakon gwajin da zai nuna ko simintin da aka toshe rijiyar da shi ya riƙe. Ɗaya daga cikinsu ya lura akwai ruɗani, ya ce wa manajan wurin ya tsaya ya taimaka, suka wuce. Daga baya ya tambaya ko komai lafiya, aka ce lafiya. Kafin ƙarfe goma na dare iskar gas ta ɓalle, wuta ta kama, mutum 11 suka mutu.

Masanin nan na Ostareliya, Andrew Hopkins, ya yi dogon nazari kan wannan ziyara, kuma abin da ya fito da shi ya shafi kowane mai zagaye. Baƙin sun duba abin da ke sa mutum ɗaya ya ji ciwo, suka tsallake abin da ke iya kashe kowa. Tambayar "komai lafiya?" kuwa amsa ɗaya gare ta, musamman a bakin ƙarami gaban babba.

Saboda haka kafin shugaba ya fita, ya zauna ya rubuta abubuwa biyu ko uku da za su iya hallaka mutane da yawa lokaci guda a wurinsa. A wani wuri tukunyar tururi ce, a wani tankin gas, a majema ramin da iska mai guba ke taruwa a ciki, a wurin gini kuwa dakin da aka zuba jiya da katakon da ke riƙe da shi. Can zai fara zuwa. In ya je, ya yi tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a. "Nuna mini yadda kake kashe injin nan kafin ka sa hannu." "Wane aiki ne a nan ba ya yiwuwa in aka bi ƙa'ida yadda aka rubuta ta?" "In wani zai ji ciwo a sashen nan wata mai zuwa, a ina kake jin zai faru?" Ta biyun ta fi kowace amfani, domin kusan kowace masana'anta tana da ƙa'idar da wanda ya rubuta ta bai taɓa yin aikin ba. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gindin inji abin yakan juye: yaron da ke tsaye awa takwas a wurin ya san ƙarar da ta canza tun makon jiya.

Ya riƙa zuwa da dare kuma, da ranar da ba a sa ransa. Masana'antar ƙarfe goma na safiyar Talata daban take da ta ƙarfe uku na daren Asabar.

Foman

Babban manaja ana ganinsa sau ɗaya a mako. Foman ana ganinsa sau hamsin a wuni, shi ke raba aiki, shi ke rubuta obataya, shi ke cewa "yi sauri." Dov Zohar, masanin Isra'ila da ya fara auna yadda ma'aikata ke kallon muhimmancin lafiya a wurin shugabanninsu a wani bincike na 1980 kan masana'antu 20, ya gwada wani abu da ya wallafa a 2002. A wata cibiyar gyaran manyan injuna, aka riƙa tambayar ma'aikata ba zato ba tsammani abin da mai kula da su ya yi musu magana a kai a haɗuwarsu ta ƙarshe. Kowane mako sai a nuna wa mai kula ɗin kashi nawa na maganarsa ya taɓo lafiya, a nuna wa na sama da shi ma. Ba a yi wa leburori wani sabon horo ba. Cikin makonni takwas maganar lafiya a bakin masu kula ta tashi daga kashi 9 cikin 100 zuwa 58, masu sa abin toshe kunne suka ƙaru daga kashi 25 zuwa 73, ƙananan raunuka suka ragu.

Abin da manaja zai ɗauka a nan shi ne ya sa ido kan bakin foman, kuma foman ya san ana sa idon. Minti biyar kafin a kama aiki ya tara mutanensa a gindin injin, ya faɗi aikin yau da abin da zai iya cizo a cikinsa, ya tambayi sabon yaro ya maimaita. In lokacin ƙarin girma ya zo, kada a ɗaga wanda ya fi kowa fitar da kaya alhali kowa ya san yadda yake fitar da shi. Ma'aikata na karanta takardar ƙarin girma fiye da yadda suke karanta allon bakin get.

Wa ke da ikon cewa a tsaya

Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga tsaga a ginin Rana Plaza mai hawa takwas a Savar, kusa da Dhaka a Bangaladash. Aka fitar da mutane. Washegari reshen banki da shagunan da ke ƙasa suka ƙi buɗewa. Masu kamfanonin ɗinki da ke sama kuwa suka umarci ma'aikatansu su koma, wasu aka yi musu barazanar riƙe albashin wata. Da safiyar 24 ga wata ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinki. Gini ɗaya, tsaga ɗaya. Ma'aikacin banki da mai ɗinki duk sun ga abu guda, duk sun ji tsoro. Abin da ya raba su shi ne wanda ke ba su umarni.

A Piper Alpha, dandamalin mai na kamfanin Occidental a Tekun Arewa, abin ya zo ta fuska biyu. Ranar 6 ga Yuli 1988 masu aikin rana suka cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, ba su gama ba, suka rufe bakin bututun na wucin gadi. Labarin bai isa ga masu aikin dare yadda ya kamata ba. Ɗaya famfon ya tsaya, suka kunna wanda ake gyara, gas ya tsiyaye ya fashe. Sannan dandamali biyu na maƙwabta, Tartan da Claymore, suka ci gaba da tura mai da gas ta bututun da suka haɗa su da Piper na wani lokaci, suna ƙara wa wutar abinci, domin masu kula da su ba su ga cewa tsayar da aiki mai tsada haka yana hannunsu ba. Mutum 167 suka rasu. Binciken Lord Cullen ya fito a 1990 da shawarwari 106, kuma ya gano cewa tsarin takardar izinin aiki ya daɗe da zama na jeka-na-yi-ka, shugabanni kuma sun ɗauki rashin jin ƙorafi a matsayin shaidar cewa komai na tafiya daidai.

Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1994, ta tanadi kariya ga ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin haɗari ne na nan take ga rayuwarsa. Amma lebura ba ya yawo da yarjejeniya a aljihu. Sai shugaba ya faɗa da bakinsa, gaban kowa har da 'yan kwangila da masu aikin yini, cewa duk wanda ya ga abin da zai kashe mutum ya tsayar da aiki, ba za a yanke masa ko kwabo ba. Kamfanin Toyota ya shahara da igiyar da kowane ma'aikaci zai iya ja in ya ga matsala a layin haɗa mota. Mai kula ya zo da gudu, in ba a warware ba layin ya tsaya.

Jarrabawar gaskiya ita ce ranar farko da wani ya tsayar da aiki, aka duba aka ga ba komai. Mota na jiran lodi, an yi asarar awa biyu, foman na huci. Duk idanu na kan oga. In ya ce "Ka ga abin da ka jawo mana?" to an rufe wannan babi ke nan, ko da rufi zai faɗo ba mai sake magana. In ya ce "Ka kyauta, gobe ma in ka gani ka faɗa," ya sayi abin da kuɗin horo ba ya saye.

Labari mara daɗi

A tsakiyar shekarun 1990 Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike kan kurakuran ba da magani a asibitoci. Ta zaci sassan da ke da shugabanci mai kyau za su fi ƙarancin kuskure. Sai ta tarar rajistarsu ta fi cika. Da aka bi diddigi, sai aka ga su ne ba sa tsoron faɗin kuskurensu, sauran kuwa rufa-rufa suke yi. Don haka shugaban da aka kawo masa littafi fari fat wata shida a jere ya kamata ya ƙara bincike, kada ya yanka rago.

Nan ne kyautar "kwana kaza ba haɗari" ke da illa. In aka ce sashen da ya cika kwana 100 za a raba masa buhunan shinkafa, yaron da ƙarfe ya yanka a rana ta 96 zai naɗe hannu da tsumma ya yi shiru, in ma bai yi niyya ba abokansa za su sa shi. Gara a ba da tukuici ga wanda ya kawo rahoton saura ƙiris, irin abin da ake cewa "Allah ya kiyaye" a koma aiki: bulon da ya faɗo daga hawa na uku bai samu kowa ba, wayar da ta ja wani ta sake shi. Kowane ɗaya gargaɗi ne da aka samu kyauta.

In kuwa abin ya auku, kalmar farko da ke fitowa ita ce tsautsayi, wai ba ya wuce ranarsa. Kalma ce ta ta'aziyya, kuma tana da muhallinta a gidan makoki. A ɗakin bincike ba ta da kujera. Malamai sun sha bayyana cewa tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Kalma ta biyu ita ce ganganci, a ɗora wa wanda ya ji ciwon a rufe fayil. Watanni kaɗan da hawan O'Neill, wani matashi sabon ɗauka a masana'antar Alcoa ta Arizona ya tsallake shingen kariya don ya cire guntun ƙarfen da ya maƙale a inji. Ya cire, injin ya tashi, ya buge shi a ka ya mutu. Da an so, da an ce laifinsa ne. O'Neill ya tara manyan jami'ai suka bi abin daki-daki. Aka gano manajoji biyu sun gan shi yana tsallakawa ba su hana ba. Horon da aka ba shi bai nuna masa cewa ba za a zarge shi in inji ya tsaya ba. Injin kuma ba shi da na'urar da za ta kashe shi in mutum ya shiga. O'Neill ya ce musu su ne suka kashe yaron, kuma gazawar ta shugabanci ce, tun daga kansa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan ba ya nufin a daina hukunci. Wanda ya yi kuskure a gyara masa hanya. Wanda ya yanke hanya domin kowa haka yake yi, kuma foman na gani, to al'adar wurin ce ke buƙatar gyara. Wanda ya zo aiki a buge, ko ya cire murfin inji bayan gargaɗi, a hukunta shi, ko ɗan wane ne. Ma'aikata na jure hukunci mai tsanani in sun ga ba ya zaɓe.

Inda kuɗi ke magana

Ba a tilasta wa mutum sa abin da ba a ba shi ba. Yarjejeniya ta 155 ɗin nan ta ce matakan kare lafiya ba za su ci kuɗin ma'aikaci ba, don haka cire kuɗin takalmi daga albashi ba daidai ba ne. Kuma kayan su dace da jiki da yanayi. Safar hannun da ta yi wa mutum yawa, ko tabaran da ke yin hazo a zafin watan Afrilu na Kano, a aljihu za su ƙare. A sayo kala biyu ko uku, a bar masu aikin su gwada mako guda su zaɓa.

Amma kayan sawa su ne katanga ta ƙarshe. Masana sun jera matakan bisa ƙarfinsu: a kawar da haɗarin gaba ɗaya in zai yiwu, ko a musanya abu mai guba da mara guba, ko a raba mutum da inji ta hanyar murfi da shinge da fankar zuƙe ƙura, sannan tsarin aiki da horo, sai a ƙarshe hula da takunkumi. Matakan sama duk sai da sa hannun mai riƙe da kuɗi. Shugaban da ke faɗa kan takunkumi amma ya ƙi gyara fanka ya tura nauyinsa ne kan fuskar lebura. Kwaɗo na 'yan nairori da makanike zai datse makunnin wuta da shi, ya sa ɗan makullin a aljihunsa kafin ya shiga cikin inji, ya fi wa'azin awa guda.

Akwai kuma kwaɗon da ke kisa. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Jihar Legas, gomman ma'aikata suka mutu, kuma rahotanni suka nuna ƙofofi a kulle suke. Haka aka yi a masana'antar ɗinki ta Triangle a New York a 1911, inda mutum 146 suka hallaka. Shekara 91 tsakani, dalili ɗaya: tsoron kada a saci kaya. Mai tsoron sata ya ƙara maigadi, ya sa ƙofar da ake turawa daga ciki ta buɗe.

Doka ma tana da nata. Haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aikinsa fiye da kwana uku, Dokar Masana'antu ta wajabta a sanar da sufeto. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga asusun NSITF. Yadda aka bi da wanda ya ji rauni, ko an kai shi asibiti an nema masa haƙƙinsa ko an damƙa masa 'yan kuɗi an sallame shi a ɓoye, sauran suna kallo.

Ɓoye irin wannan labari kuwa ko riba ba ta wanke shi a wurin O'Neill ba. A 1996, a taron masu hannun jarin Alcoa, wata 'yar ɗariƙar Katolika ta miƙe ta yi ƙorafi kan halin ma'aikatan wata masana'antar kamfanin a Meziko. O'Neill ya tura a bincika. Aka gano hayaƙi mai guba ya taɓa kwantar da ma'aikata a wurin, an ma gyara matsalar, amma ba a kai rahoto hedkwata ba. Shugaban sashen babban jami'i ne da ya daɗe a kamfanin, sashensa kuma na kawo riba. Ba a ɗauki lokaci ba aka sallame shi.